Faifan Sakuji da Ɗamarar Amarya

Ranar Litinin ce a tsakiyar watan Satumba na shekarar 1997, ana ta ruwa tun safe. Na sallami ɗalibai da ƙarfe uku, ina goge allo, sai ga mata biyu a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta suna karkaɗe lema. Ni ne malamin zanen saƙa a cibiyar koyon sana'a ta garinmu, Kiryu, shekara goma sha tara ke nan. Ta gaban na san ta, Kinue Kogure ce, masaƙiya, matar marigayi Sakuji mai zana adon ɗamarar kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya. Ta bayan kuwa yayarta ce, Hatsu, wadda duk unguwar masaƙa an san muryarta kafin fuskarta.

"Malam Ubukata, ka yi haƙuri mun zo ba sanarwa," in ji Kinue.

"Ku shigo, Maman Mizuho. Ku zauna, kujerun yara ne amma za su ɗauke ku."

"Ita za su ɗauka," in ji Hatsu. "Ni bari in tsaya, kada a ce na karya kayan gwamnati."

Kinue ta yi mini bayani a hankali. Auren 'yarsu Mizuho saura kwana arba'in da biyu. Kafin Sakuji ya kwanta ciwon ajali ya zana ɗamarar da yarinyar za ta ɗaura ranar aurenta, ya kulle ƙofa yana yi, bai nuna wa kowa ba. Zanen yana cikin faifan kwamfuta guda ɗaya. Injin da ya yi zanen a kai an sayar da shi bayan rasuwarsa, masaƙarta kuma ba ta gane irin wannan faifan. Babbar kwamfutarmu kaɗai ta rage a garin da za ta karanta shi, ta juye zanen a faifan da masaƙa ke karɓa. Da hannu take saƙa, na'urar da ke saman masaƙar zare kawai take ɗagawa. Tana buƙatar kwana talatin a kan masaƙa, mai ɗinki kuma kwana bakwai.

"Kenan kwana biyar gare mu," na ce.

"Tun bara nake cewa ta kawo," in ji Hatsu. "Ta ce sai an yi addu'ar cikarsa shekara biyu. Jiya aka yi. Shekara biyu faifai na zaune a kantar mamatan gida kusa da hotonsa, ana ba shi shinkafa da shayi kamar suruki."

"Yaya, don girman iyayenmu."

"Ƙarya na yi?"

Kinue ta ciro wani ƙaramin ƙunshi daga jaka, ta warware ƙyallen alharini mai ruwan shuni. Faifan baƙi ne, da rubutun Sakuji a kan takardarsa, sunan Mizuho kawai ya rubuta. Ta miƙo mini shi da hannu biyu, ta sunkuyar da kai. Ni ma na karɓa da hannu biyu.

Akwai ƙa'idar da nake koya wa kowane ɗalibi a ranarsa ta farko. Duk faifan da ba naka ba, ka ja murfin ƙarfen da ke bakinsa, ka ɗaga shi a haske, ka duba cikinsa kafin ka ba inji. Na faɗi wannan ya fi sau dubu. A ranar kuma na ji ƙamshin turaren tsinke yana tashi daga faifan, babban yatsana har ya hau kan murfin. Amma matar tana kallona, kanta bai gama ɗagowa ba. Na ji nauyin in juya kayan mamaci a gabanta ina leƙawa kamar mai tayin kifi a kasuwa. Sai na janye yatsan, na tura faifan cikin inji, na buga umarnin karantawa.

Injin ya yi ƙas, ƙas, yadda ya saba. Daga nan sai wata siririyar ƙara ta biyo baya, irin ta cokali a gindin tukunya.

Wannan kwamfutar ba ta da maɓallin fitar da faifai, sai an rubuta mata. Na rubuta, na kuskure harafi ɗaya. Na sake. Duk wannan lokacin ƙarar ba ta tsaya ba. Da ya fito na ja murfin, na ɗaga shi wajen taga. Fumfuna ta yi fari-fari a jikinsa kamar an barbaɗa gari, hayaƙin turare ya bar masa danƙo. A tsakiya kuma ga wani zobe siriri da hasken taga yake wucewa ta cikinsa. Wannan zoben babu shi minti ɗaya da ya wuce.

"Me ya faru, Malam? Ka yi fari fat," in ji Hatsu.

Na ajiye faifan a kan ƙyallensa, na miƙe tsaye. Na gaya musu komai bi da bi. Fumfuna ta kama shi, amma fumfuna tana wankuwa. Da na duba kafin in saka, da na wanke shi tukuna. Ban duba ba, injin ya ja dattin ya kankare wani sashe, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Na sunkuya na ce laifina ne.

Kinue ta miƙe da sauri ta sunkuya fiye da ni. "A'a, Malam, ni ce. Safe da yamma nake kunna masa turare. Ni na kashe shi da hannuna."

"Ni ya kamata in duba."

"Ni ya kamata in ajiye shi a akwati."

"To ku yi ta gaisawa da ƙasa har gobe," in ji Hatsu. "Aure dai ba a ɗaga ba. Malam, ya mutu ko da sauran numfashi?"

Na ce ban sani ba tukuna. Na tambayi Kinue ko akwai zanen a takarda, domin Sakuji mutum ne mai fara komai da fensir. Hatsu ce ta amsa, wannan karon da ƙaramar murya. Takardunsa duka Kinue ta naɗe ta saka masa a akwatin gawa, don ya samu abin yi a can. An ƙone su tare da gawarsa, yadda ake yi a al'adarmu.

Washegari na ba ɗalibai aikin zane da fensir a wani ɗakin, na rufe ƙofa. Na shimfiɗa farar takarda a tebur, na jera auduga da sifirit da reza da sabon faifai. Na tsaga gidan faifan Sakuji ta gefe, na zaro baƙar fatar da ke ciki. Ba ta fi ganyen albasa kauri ba. Na goge ta daga tsakiya zuwa baki, auduga ɗaya shafa ɗaya, har sai da auduga ta daina canza launi. Na bar ta ta bushe, na fasa sabon faifan na zubar da cikinsa, na saka ta a gidansa. Sannan na wanke bakin injin sau uku.

Kinue ta iso tun ƙarfe tara. Ta zauna a kujerar ɗalibi, jakarta a cinya. Da rana na kawo mata shayi, ya huce a inda na ajiye shi.

Irin wannan faifan zobe saba'in da bakwai ne, ɗaya cikin ɗaya. Ban yarda in ce wa injin ya karanta duka a tashi ɗaya ba. Na riƙa kiran zobe ɗaya, in juye shi a cikin kwamfuta, in yi masa alama a takarda, in fitar da faifan in duba, sannan in kira na gaba. Zuwa la'asar na kai na arba'in lafiya. Na arba'in da ɗaya ya ƙi. Na tsallake shi, na gaba ma ya ƙi, haka har biyar a jere. Daga na arba'in da shida zuwa ƙarshe suka zo sumul.

Ranar Laraba na koma kan biyar ɗin nan. Kowanne na gwada shi sau goma. Na sassauta gidan faifan, na matse shi, na sa shi kusa da fitila ya ɗan ji ɗumi. Ko harafi ɗaya ban samu ba, zoben hasken ma sai ƙara faɗi yake yi. Da azahar na haƙura, na haɗa abin da na samu, na kira shi a fuskar kwamfuta.

"Maman Mizuho, matso ki gani."

Kogi ne, ya bi tsawon ɗamarar daga wannan baki zuwa wancan, ruwan azurfa a kan shuɗi mai duhu. Ganyaye suna bin ruwan, tsuntsayen tsattsewa suna shawagi a samansa, wasu bibbiyu, wasu su kaɗai. Na riƙa gangarawa da zanen a hankali tana bi da ido, leɓenta na motsi. Sai muka iso wurin. Kogin ya yanke kamar an sa almakashi, baƙi ƙirin ya cika fuskar kwamfutar, na yi ta gangarawa ba komai. Can sai ruwan ya ci gaba, amma ba daga inda ya tsaya ba.

"Layi nawa ne?" ta tambaya.

"Ɗari shida da arba'in, cikin dubu tara."

Masaƙiya ce, ba ta buƙaci in fassara mata ba. "Santimita talatin da biyu," ta ce. Ta sa tafin hannu ta rufe bakinta.

Na buga waya wurare huɗu a ranar. Wani tsohon abokin aikina a garin Ashikaga ya ce in kawo ya gani, amma da na kwatanta masa zoben sai ya ce kada in ɓata kuɗin jirgi. Wani kamfani a Tokyo ya ce mako uku, kuma ba su yi alkawarin komai ba. Sauran biyun ba su ma san irin faifan ba.

Ranar Alhamis suka dawo su biyu. Saura kwana ɗaya a cikin biyar ɗinmu bayan wannan. Na riga na shirya abin da zan ce. Na ce zan iya cike gurbin. Na san hannun Sakuji, zan ɗauko ruwa daga sama, in ɗauko ganye daga ƙasa, in haɗa bakin kogin biyu yadda ba mai ganewa.

"Madalla," in ji Hatsu. "Ka ji magana. Yi maza."

"Malam, ka san abin da ya zana a wurin?" in ji Kinue.

"Ban sani ba."

"To in ta ɗaura, ta ce wa dangin mijinta aikin babanta ne, gaskiya ta faɗa?"

"Ke Kinue!" in ji Hatsu. "Wa zai bi amarya da madubin likita yana ƙirga ganye? Mutane abinci za su ci su bugu su tafi."

"Ni zan sani, Yaya. Ni zan jefa kowane zare. Wata shida yana tari a ɗakin nan yana hana ni shiga, in zo in saƙa hannun wani a tsakiyar nasa?" Ta juyo wurina. "Ba raina aikinka na yi ba, Malam."

"Na sani."

"To a yi hayar wata ɗamarar a huta," in ji Hatsu.

"Yarinyar ta ƙi ta uwar mijinta, wadda suka gada tun kakanni. A gabansu ta ce babanta ya bar mata tata. Da wane baki za ta koma?" in ji Kinue.

Ana jin ruwa yana sauka a kwanon rumfar kekuna. Kinue ta fara naɗe ƙyallen shunin, ta warware, ta sake naɗewa. Ni kuwa ina zaune gaban injin da na yi shekaru ina taƙama da shi, ba ni da sauran abin da zan buga masa.

Can ta ɗago. "Malam, koma wurin baƙin. Yanzu gangara zuwa babban hoton, inda tsattsewa uku suke. Wannan shi ne zai zauna a ƙullin baya. Daga nan zuwa bakin baƙin layi nawa ne?"

Na ƙirga na gaya mata. Ta lumshe ido tana lissafi da yatsu.

"Ɗamara sau biyu take zagaya ciki," ta ce. "Zagayen farko, na biyun yana rufe shi ruf. In gurbin ya faɗa a na farko, ba mai ganinsa. A saƙa shi fili kawai, ba ado, ba hannun kowa."

"Ya faɗa?" in ji Hatsu.

"Yana kan iyaka. Ya danganta da kaurin ƙugun yarinyar."

Mizuho ba ta san abin da ya samu faifan ba har lokacin. A asibitin haƙori take aiki a garin Maebashi, kuma uwar ta hana a gaya mata. Yanzu ba makawa. Kinue ta fita ta buga mata waya daga ofishinmu, ta daɗe, ta dawo idanunta jawur. Ni kuma na kunna injin bugawa mai doguwar takarda, na buga zanen daidai girmansa, na yi ta haɗa gaɓoɓin da gam har ya kai mita huɗu da rabi. Na shimfiɗa shi a kan tebura uku.

Ranar Juma'a da tsakar rana Mizuho ta iso da farar rigar aiki a ƙarƙashin kwat. Ta gaishe ni, ta wuce wurin takardar. Ta bi kogin da yatsa tun daga farko. A wurin baƙin ta tsaya.

"Nan ne?"

"Nan ne," na ce. "Ni na jawo. Ki gafarce ni."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta cire kwat ta miƙa wa Hatsu. "Mama, awa ɗaya aka ba ni."

Sun zo da kimonon auren a ƙunshe. Na fita baranda har suka sa mata, sannan suka kira ni in riƙe bakin takardar. Hatsu ta naɗa mata tawul uku a ciki, yadda masu shirya amare suke yi don jiki ya miƙe sambal, kimono ya kwanta ba tattara. Kinue ta ninka takardar biyu, ta daidaita hoton tsattsewa uku a bayan 'yarta, ta zagaya da sauran. Takardar tana ta ƙara. Da ta gama ta ja da baya.

Baƙin ya leƙo daga ƙarƙashin ƙullin ta gefen hagu, ya fi tafin hannu, har ya kusa hammata.

"Wayyo," in ji Kinue.

"Cire tawul ɗaya, Inna Hatsu," in ji Mizuho.

Aka cire, aka sake zagayawa. Ya ragu, amma yana nan.

"Cire duka."

"Ke, kin haukace?" in ji Hatsu. " Amarya ba tawul? Za ki fito kamar an ɗaure tsintsiya a tsakiya. Ɗamarar za ta yanke ki biyu kafin a kai ga yanka kek."

"Cire dai, Inna."

"Uwarki ma da taurin kan nan ta auri ubanki." Ta zare su tana mita.

Kinue ta zagaya a karo na uku. Ta sa gwiwa a bayan 'yarta ta ja har takardar ta fara tsagewa a gefe. "Fitar da numfashi. Ƙara. Ƙara." Mizuho ta riƙe gefen tebur, fuskarta ta yi ja. Kinue ta ɗora yatsunta a kan abin da ya rage.

"Yatsa uku," ta ce. "Ba zai shige ba. Ko na faɗaɗa ƙullin, yatsa biyu za su fito."

"Zan daina cin abincin rana," in ji Mizuho.

"Ki daina in mare ki," in ji Hatsu. "Dama me ke jikin naki?"

"To a bar shi ya fito," in ji Mizuho, da kyar take magana. "Yatsa biyu na shuɗi ba ado. Hannun rigata zai sauka a kai. In wani ya ɗaga hannuna ya tambaya, in ce nan ne abin da Baba ya zana ya ɓace. Mama, sake ni, zan faɗi."

Kafin ƙarfe biyu na mayar da layukan nan ɗari shida da arba'in fili, na juye zanen a faifan masaƙa. Kinue ta karɓa ta jefa a aljihun rigarta, ta fita da sauri har ta manta lemarta. Da yammacin ranar ta ɗaura zare.

Bayan kwana goma sha uku ta aiko a ce mini ta kusa fita daga filin, in ina so in zo. Na je bayan darasi. Ɗakin saƙar yana bayan gidansu, da taga ɗaya ta sama. Ta rame, ta ɗaure wuyan hannunta na dama da bandeji. Kwana biyu ke nan tana jefa ƙoshiya ɗaya tak, shuɗi a kan shuɗi, sauran ƙoshiyoyin azurfa da fari suna jere a gefe ba a taɓa su ba.

"Malam, idona ya gaji. Karanta mini lambar da ke jikin na'urar."

Na tsaya kusa da ita ina kira. Saura goma. Saura tara. Tana taka itace, tana jefawa, tana bugawa. Da na ce saura ɗaya sai ta tsaya, ta goge tafinta a cinya, ta taka. Na'urar ta yi wata ƙara daban, zaruruwa suka tashi a warwatse. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙoshiyar fari.

Ta yi kusan awa ɗaya kafin abin ya fito yadda ido zai gane. Tsattsewa ce, ta faro daga tsakiyar jiki, fiffike ɗaya da rabin wutsiya, ba kai. Kinue ta duƙa ta dube ta, ta auna da yatsa biyu daga bakin filin.

"Wannan ma zai fito daga ƙarƙashin ƙullin," ta ce.

Ta gyara zama, ta ce in matsa mata daga haske, ta ci gaba da jefawa.